Hannun da Bai Mutu Ba

A unguwar babu mai kiran sana'arta da sunanta. In mace ta rasu, sai a ce a je a kira Goggo Mai Ruwan Ɗumi, kowa ya gane. Ita ce take yi wa matan unguwar wankansu na ƙarshe, ta suturta su, ta fito ta wanke hannu ta kama hanyar gida, ba ta tsayawa zaman makoki. Wurin kakarta ta koya, tun tana riƙe mata buta har tsohuwar ta gaza ta bar mata. Abin da ta gani a ɗakin wanka kuwa, a can take barinsa. Tabon duka ne ko ramar yunwa, ba a taɓa ji a bakinta ba.

Gajeriyar mace ce mai faɗin tafin hannu, ba a jin takunta. Mata suna girmama ta, amma in ta shiga barka sai mai jego ta ɗan ja jaririn zuwa ƙirjinta, ba da nufi ba. Goggo ta daɗe da lura da haka, don haka ta daina miƙa hannu ta karɓi ɗan kowa.

Sai Allah Ya haɗa ta da miji wanda bakinsa ba ya rufuwa. Mai Aski ne, shagonsa a bakin titi, da madubi mai tsaga a kusurwa da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya. Mutum zai shiga gyaran gemu ya fito da labarin unguwa uku. 'Yar Shiru yake kiranta, kuma a duk garin shi kaɗai ne bai taɓa ƙyamar hannunta ba. In ta dawo daga wanka sai ya ce, "Allah Ya jiƙanta. To zo ki sosa min bayan nan, amma ki tuna ni da raina nake, ki ɗan sa farce."

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, aska ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai ɗago ba. Likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta fara dawowa tun suna asibiti, amma hannun ya zama kamar na aro, maganar kuma ta tsinke. Kalma ɗaya yake iya fitarwa, ita ma sai ya yi gumi. Mutumin da ba ya gajiya da zance ya koma kallon mutane da ido.

Da za a sallame su aka tura su ɗakin gashi, inda ake koya wa jikin da ya shanye motsi. Goggo ta zaci za ta ga injuna. Akwai su, guda biyu ko uku a lulluɓe, amma yawancin abin da ta gani ta san shi daga gida: robar cikin tayar keke an yanka ta tsiri-tsiri an ɗaura a ƙarfen taga, gorunan ruwa cike da yashi, igiya a rataye a kan tsohon gargaren keke, mutum ya ja da hannu mai lafiya, mara lafiyan ya tashi sama. Likitar gashin doguwar mace ce mai saurin magana, marasa lafiya suna kiranta Ƙara-Ɗaya, domin duk lokacin da mutum ya ce ya gaji, abin da take cewa ke nan.

"Mama, ke ce matar Baba? To daga yau ke ce likitarsa," in ji ta. "Mu nan ba ma sa mutane su riƙa jigila kullum. A ɗauko shi a cusa a mota, a sha rana, a sha hayaƙi, ya iso nan a galabaice, me zai iya yi min? Zan koya miki, ki riƙa yi masa a gida safe da yamma. Bayan 'yan makonni ku dawo in gani."

Ta kama hannun Mai Aski ta nuna mata: a ɗaga daga kafaɗa, a miƙe gwiwar hannu, a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya har tafin ya shimfiɗu.

"Zai yi zafi, zai yi miki ihu, kar ki kula shi. Hannun da aka bari yana naɗewa ne, Mama. In ya dunƙule ya daskare, ko ni ba zan iya buɗe shi ba. Ko tsarki sai an yi masa har abada. Baba, ka ji ko? Kar ka harare ni, ni ba na jin tsoron gemu."

Daga nan ta kai Goggo wani ɗaki a ƙarshen baranda. Tun daga bakin ƙofa ƙafar Goggo ta tsaya. Sandunan dogarawa ne jingine a bango, da kekunan guragu, da ƙarafan koyon tafiya, duk a wanke, an sake wa wasu fenti.

"Da can duk wannan a bayan asibiti ake tarawa a cinna wuta," in ji Ƙara-Ɗaya. "Hayaƙin roba ya shiga ɗakin masu ciwon ƙirji, muna yi musu gashi ta nan muna shaƙe su ta can. Yanzu wanda ya gama da abu ya dawo da shi, ɗalibanmu su wanke su gyara, wani ya ɗauka. Ba kyau?"

Goggo ta ce da kyau. Ba ta ce ta san kayan ba. Wancan keken mai koren matashi, a kusurwar ɗakin matar liman ta gan shi, an ture shi gefe don a shimfiɗa tabarmar wanka. Waccan sanda mai ƙafa huɗu ta taɓa kawar da ita da hannunta don ta ajiye bokiti. Likita tana ganin kayan da aka ceto daga wuta. Goggo tana ganin ɗakuna.

Ƙara-Ɗaya ta ɗauko wani abu da aka yanka daga jikin jarka, an lanƙwasa shi daidai tafin hannu, an shimfiɗa masa shuɗin yadi da igiyoyi. Takalmin hannu suke ce masa. Ana ɗaura shi bayan an gama motsa hannun, ya riƙe yatsu a buɗe. Ta gwada wa Mai Aski, ya zauna cif kamar don shi aka yi.

Goggo ta dubi igiyar tsakiya. An ɗinke ta da jan zare, ɗinkin wanda idonsa ya yi rauni. Ita da kanta ta kwance wannan igiya daga hannun tsohuwar malamar makarantar unguwarsu, kullin ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Ta tuna sanyin hannun da ke ƙarƙashinsa.

Da suka isa gida ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, can ciki.

Washegari ta yi sallar asuba, ta jira gari ya waye sosai, ta ɗumama ruwa ta gasa masa kafaɗa kamar yadda aka ce. Sannan ta kama hannun. Nan ne abin ya same ta. Ta ɗaga hannuwa irin wannan ba adadi. Nauyin ɗaya ne, nauyin abin da ba ya taya ka ɗaga kansa. Ya fi ɗaya hannun sanyi. Da ta ɗan sake shi sai ya faɗi kan katifa, ya kwanta yadda ya faɗi. Ta dubi ƙirjinsa, yana hawa yana sauka, amma tafinta yana gaya mata wani abu dabam, kuma tafin nan bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Hannuwanta suka ci gaba da abin da suka sani. Ta ja zane ta rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa. Ta kawar da fuskarta gefe, domin ba a zura wa wanda ake yi wa hidima ido. Ta yi bisimilla a ciki, leɓenta kawai ke motsi. Ta lanƙwasa gwiwar hannun a hankali, ta miƙe, ta tausasa yatsun ba tare da ta tilasta su ba, ta kwantar da hannun a gefen jikinsa, ta daidaita shi.

Sai ta ji gadon yana rawa. Mai Aski ne ke karkarwa. Idonsa a buɗe ƙwarai, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa, bakinsa da ya karkace yana ta ƙoƙarin wata kalma da ta ƙi fitowa.

"Malam, zafi ne?"

Ya girgiza kai.

"In bari?"

Ya ɗaga kai da sauri. Ta bari.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. In ta shigo da ruwan ɗumi, sai ya jawo mataccen hannun da mai lafiyan ya rungume shi a ƙirji, ya juya fuska bango. Ita kuma, Allah Ya sani, daɗi take ji in ya ƙi. Ta ɗan shafa masa mai a bayan hannu ta ce an yi. Ƙafar tana ta samun ƙarfi, har yana dafa bango ya kai ƙofa. Hannun kuwa kullum sai ta ga ya ƙara shigewa. Gwiwar ta lanƙwashe ta manne da haƙarƙari. Yatsun suka fara rufuwa kan babban yatsa, farcen yana nutsewa cikin tafi, wani wari yana fitowa daga ciki. Ta san irin wannan dunƙulewar ma. Takan same ta a wurin waɗanda aka daɗe ba a kira ta ba.

Mata suka aiko sau biyu ana nemanta, ta ce ba ta da lafiya. Ba ta taɓa ƙin zuwa ba sai wannan karon. Tana ganin in ta taɓa wata gawa ta dawo da hannun nan cikin ɗakin nan, wani abu zai biyo ta. Ta yi istigfari a kan wannan tunani, ta san ajali ba ya bin hannun kowa, amma da ta sallame sai tsoron ya dawo ya zauna inda yake.

Autarsu, wadda take aure a wani gari, ta zo duba su, ita ce ta raka su ranar komawa asibiti. A hanya take ta cewa, "Inna, ai Baba ya yi kyau, har ya yi ƙiba."

Ƙara-Ɗaya ta tare su da fara'a. "Ango ya iso! A'a, da ƙafarsa ma? Baba, ka kusa fara tsere." Ta kama hannun, fara'ar ta ɗauke. Ta gwada buɗe yatsun, Mai Aski ya yi gurnani. Ta kira wani ɗalibinta ya kawo ma'auni, domin suna bin kowane mara lafiya da awo don su gane ko gashin gida yana kai na asibiti. Ya auna, ya dubi na ranar farko, ya dubi malamarsa.

"Mama, ina takalmin?"

"Yana gida."

"Ana sa masa?"

Goggo ta girgiza kai.

"Mama, ba faɗa nake yi ba. Amma in aka ƙara wata guda a haka, hannun nan ya tafi. Zo ki nuna min yadda kike yi, ƙila ni ce ban koyar daidai ba."

Aka kwantar da shi a kan gadon ɗakin gashi. Goggo ta cire mayafinta ta shimfiɗa masa daga cibiya zuwa gwiwa. Ta kawar da fuska. Leɓenta ya fara motsi. Ta ɗaga hannun da tafi biyu, a hankali, a hankali, kamar mai tsoron tayar da mai barci. Ɗakin ya yi tsit, har masu jan igiya a wancan gefe suka tsaya. Gadon ƙarfen ya fara ƙara saboda rawar jikinsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ya yi ta kokawa da harshensa, sai kalmar ta faɗo gaba ɗaya, a fili, kowa ya ji.

"Gawa."

Auta ta toshe baki ta fashe da kuka. "Likita, aikinta ke nan. Ita ce take wanke mamata a unguwarmu."

Ƙara-Ɗaya ta ja kujera ta zauna.

"Takalmin kuma," in ji Goggo, muryarta ƙasa-ƙasa don kada ya ji, "ni na kwance shi daga hannun mai shi. Rabin kayan ɗakin can na san inda suka kwana."

"Innalillahi. Mama, mun wanke shi da magani, mun shanya a rana. Wallahi ban taɓa tunanin idon da zai gane shi ba." Ta juyo ta fuskanci Goggo. "Kafin marigayiyar wani mai babur ne ya sa shi, yana nan yana tuƙi, ya kusa bige ni a kasuwa. Amma wannan ba zai cire miki abin da kika gani ba. Robar ba ta da laifi, kuma ta yi masa daidai, kafin a yanka wata a gyara mun ƙara yin asarar kwanaki. Ki farke yadin da igiyoyin, ki sa wani na gidanku. Za ki iya?"

Goggo ta ce za ta gwada.

"Sannan ba a kwance ba. A zaune, a tsakar gida, cikin rana. Ba mayafi. Ki dube shi cikin ido, ki yi masa magana tun daga farko har ƙarshe."

"Ni ban iya magana ba, 'yar nan."

"To ki yi masa faɗa. Shekara nawa kuna tare, a ce ba ki da abin faɗa da shi? Ni wata shida da aure, na cika buhu."

Da yamma Goggo ta durƙusa ta jawo ƙullin daga ƙarƙashin gado. Ta farke shuɗin yadin da jan zaren, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, ta yi wa malamar addu'a. Auta ta je shago ta kawo farin ƙyallen da yake yafa wa masu aski a wuya. Goggo ta ɗauki almakashi, ta dubi farin yadin a kan cinyarta, ta ajiye almakashin. "Ba fari ba," ta ce. Aka yanka tsohuwar rigarsa mai ratsin ɗorawa.

Da safe suka zaunar da shi a kujera a tsakar gida. Ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Ya rungume hannun. Ta dube shi cikin ido, abin da ba ta cika yi ba ko a ƙuruciya, ta ga tsoronta ne a ciki, iri ɗaya. Ta nemi abin faɗa ta rasa. Sai ta ɗauko ɗaya daga cikin labaransa na shago, wanda ta ji ya fi sau ɗari.

"Malam, ka tuna ranar da ka aske wa mahaucin nan rabin kai, aka ce tunkiyarsa ta tsinke, ya fita da gudu da ƙyalle a wuya?"

Ya ɗaure fuska. Ta kama wuyan hannun.

"Ya bi tunkiyar har bakin masallaci."

"Sa!" in ji Mai Aski, domin a labarinsa sa ne ya tsinke.

"Tunkiya ce."

"Sa!" Ya buga ƙafa a ƙasa. Ta miƙe gwiwar hannun yana cikin fushi, ta zura babban yatsanta cikin dunƙulen, ta ɓamɓaro manuniya. Ya kurma ihun da ya sa kajin maƙwabta suka watse. Duk jikinta ya ce ta saki. Ta ji kamar ƙashi zai karye a tafinta, ta ji kamar jijiyar kansa za ta sake tsinkewa a gabanta, ita ce sanadi. Amma a ƙarƙashin yatsunta wani abu yana ja, yana ƙin ta, yana gardama. A duk shekarun aikinta babu hannun da ya taɓa yi mata gardama. Ta riƙe, tana kuka, tana ci gaba da ɓata masa labari.

"Muguwa," ya ce da aka gama, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Goggo ta ɗaura takalmin.

Makonnin da aka yi asara ba su dawo ba. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun buɗe, sauran biyun suka tsaya a lanƙwashe, Ƙara-Ɗaya ta ce haka za su zauna. Aska kam ya yi sallama da ita, wani ne yake riƙe da shagon. Amma yana kama kofi, yana kama buta, yana shiga bayi shi kaɗai ya rufo ƙofa. Tsoron bai bar Goggo ba. Kullum kafin ta kama hannun sai ta ɗan tsaya, kullum sai sanyinsa ya soke ta.

Ana cikin haka aka yi sallama wani hantsi, aka ce matar tela ta rasu, kuma babu wadda za ta yi. Goggo ta tsaya a tsakar gida da mayafi a hannu, ta dubi mijinta. Bai ce ta je ba, bai ce kar ta je ba. Ta je.

Sai bayan la'asar ta dawo, lokacin gashin yamma ya yi. Ta wanke hannu da sabulu har sau nawa, ƙanshin kafur bai fita ba. Ta tsaya nesa da kujerarsa, hannuwanta a ɓoye cikin zane. In ya juya fuska yau, ta san ba zai sake ba ta hannun ba, ita ma ba za ta sake iya tambaya ba, yatsun nan uku kuma za su koma inda suka fito. Ya shaƙi iska, ta ga hancinsa ya gane. Ya daɗe yana kallon inda ta ɓoye hannuwan.

Sannan ya sa hagu ya ɗago daman daga cinyarsa, ya miƙo mata.

"Ja," ya ce.